Toka da kayan farautarta: kayen aikin gidanmu a Zango, Damagaram

Asabar, 9 ga Nuwamba

Geron gida ya iso jiya daga ƙauye, can bayan Mirriya: buhu 6 na gero, buhu 1 na wake. Mun jibge su a ɗakin ajiya na kusa da madafa. Don wannan ɗakin na ɗauko kyanwarmu Toka bara daga gidan gwaggona a Birni, tana ƴar mitsitsiya, ko dakali ba ta iya hawa ba. Kan maganar ɓera kam ba ni da abin cewa sai sambarka. Kafin ta zo, da wuya buhu ya kai azumi ba a huda masa gindi ba.

Damuwar ita ce duk abin da ta kama sai ta kawo mana har ɗaki. A makon nan kaɗai an tsinci jaba a kan dardumar Inna, rabin jangwada ƙarƙashin gadon yara, shekaranjiya kuma ɗan shila daga tantabarun Alhaji, maƙwabcinmu na gabas. Wannan na ƙarshen ne ya tayar da ni. Da na shiga ba shi haƙuri cewa ya yi, "Haba ɗana, dabba ce, ina ta san na wani?" Dattijo ne, ya rufa mini asiri. Amma katanga ɗaya muke tun zamanin mahaifina, ba zan zauna jiran ranar da haƙurinsa zai ƙare ba.

Abin da nake nema kafin sanyi ya fita: ta ci gaba da ɓerayenta, ta ƙyale tsuntsu, mushe kuma ya daina shiga ɗakin kwana. Ni tela ne, a butik nake wuni kusa da Kasuwar Dole, shi ya sa na damƙa wa babbar ɗiyata kaye, wato littafin rubutu, da bik. Duk abin da aka kawo za ta rubuta irinsa, da lokacin, da inda aka ajiye shi, da rai ko matacce.

Uwargida ta ce a kai kyanwar ƙauye kowa ya huta. Na roƙi wata biyu.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ɓera da asuba a ƙofar madafa. Tsaka da rana, ba wutsiya. An share, an rubuta.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Yau kasuwa. Na samo ƴar ƙararrawa wajen masu koli, sefa 200. Lastik ina da shi a butik.

Ban ɗaura mata igiya ba. Kyanwa mai hawa katanga da dogon yaro, in igiya ta maƙale a reshe shaƙe ta za ta yi, kafin a ankara an rasa ta. Da lastik na yi abin wuyan, na haɗa bakinsa da ɗinki biyu kacal na zare marar ƙarfi, yadda in ta ja da gaske zai tsinke. Na bar sararin da yatsuna biyu za su shiga tsakaninsa da wuyanta.

Da aka sa mata sai ta riƙa tafiya da baya tana neman fita daga cikinsa, yara suna ta dariya. Zuwa lisha ta manta da shi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Daren jiya ba wanda ya yi barcin kirki. Can tsakar dare na ji kukan nan nata mai fitowa a toshe, na mai abu a baki. Duk mai kyanwa ya san shi. Ta shigo ta ƙasan labule, ta zo tsakiyar ɗaki ta ajiye. Ɓera ne, da ransa kuma. An ɗauke wuta, fitilar waya kaɗai ke hannuna. Ya shige bayan kabad, uwargida ta haye gado tana salati, auta ya farka yana ihu. Ita kuwa mai gayyar ta koma gefe tana lasar hannu tana kallona. Sai da muka fitar da kwallaye da akwatuna tsakar gida kafin ya ɓullo, ta dafe shi a bakin ƙofa.

Ƙararrawar tana wuyanta duk wannan abin. Yau da la'asar na zauna na kalle ta tana laɓaɓawa wajen wata kurciya: ciki a ƙasa, kai a miƙe, wuya ko motsi ba ya yi, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ƙararrawa tsit. Sai ta zabura take kaɗawa, lokacin kuwa aikin gama ya riga ya gama. Kurciyar ta sha ne don auta ya tafa hannu.

Da safe gardama ta kaure kan dalilin kawowar. Inna ta ce tukuici ne, kyanwa ta san mai ba ta abinci, ramawa take. Uwargida ta ce tsabar mugunta ce. Ni abin da ya fi kwanta mini shi ne, duk unguwar nan ba inda ta fi jin aminci irin ɗakin nan: ba kare, ba muzuru, ba shirwa mai ƙwace. Ta kama, ta kawo inda za ta ci a natse, in ba ta jin yunwa ko abin bai yi mata ba sai ta bar shi nan. Jaba misali, ba ta taɓa cin ta ba, saboda warin nan. Kashewa kawai take, ga shi jaba ko gero ba ta ci, ƙwari da kyankyasai ne abincinta. Akwai kuma halin uwa: kyanwa mai jego takan fara kawo wa ƴaƴanta matacce, in sun yi kamar wata guda ta koma kawo mai rai, ta sake shi a gabansu su koyi kamu. Wasu na cewa mu ma kallon ƴaƴan da ba su iya farauta ba take yi mana. Wannan bai gamsar da ni ba, tun da muzuru ma yana kawowa, shi da ba ruwansa da reno.

Na hana yara dukanta. A wajenta aiki ta yi, duka ba abin da zai koya mata sai gudun mutane.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ƙanena mai karatu a jami'a ya zo cin tuwo, na ba shi labarin daren Asabar. Bayan ya gama dariyarsa ya buɗe waya ya karanto mini wani bincike na jami'ar Exeter ta Ingila, wanda ya fito a 2021. Kyanwoyi 355 aka bi a gidaje 219, tsawon mako 12, aka gwada dabaru iri-iri. Waɗanda aka ba abinci mai nama sosai ba hatsi a ciki, abin da suke kawowa gida ya ragu da kashi 36 cikin 100. Waɗanda ake yi musu wasa minti 5 zuwa 10 kullum, kashi 25. Waɗanda aka sa wa wani faffaɗan ƙyalle mai launi a wuya, tsuntsayen da suke kawowa sun ragu da kashi 42, amma bai rage kamun ɓera da danginsa ba. Ƙararrawa kuwa ba a ga wani bambanci ba. Na ce masa wannan ai mun gani da idonmu, kyauta.

Sai dai buƙatarsu daban, tawa daban. Su so suke kyanwa ta bar farauta ɗungurungum, don tsuntsayen lambunansu. Ni ina da buhu 7 a ɗaki. Rabin farautar nake so a kashe, rabin a bar mini. Shi ya sa ƙyallen ya fi ɗaukar hankalina. Tsuntsu yana ganin launi tar, ya hango ja da rawaya daga nesa ya tashi. Ɓera da dare yake yawo, da hanci da kunne ya dogara, ƙyalle ba ruwansa. Wasan kuwa, a binciken ɓangaren ɓera ya fi ragewa ba tsuntsu ba, saboda haka na bar shi ga yara in sun ga dama.

Ƙanen nawa ya ƙara da cewa asalin kyanwar gida kyanwar daji ce, wadda ta bi ɓera zuwa rumbunan manoman farko a Gabas ta Tsakiya, shekara wajen 10,000 baya. Wato aikin da na ɗauko ta dominsa shi ne dai aikin da ya haɗa ta da mutum tun fil'azal. Ba ni zan cire mata shi da ƙararrawar sefa 200 ba.

Shiri: nama, da ƙyalle.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na yi magana da wani mahauci da muke sallah tare. Kullum da yamma zai riƙa ajiye mini tarkace na sefa 100: huhu, tantani, ɗan abin da ya maƙale a ƙashi. Ranar da ba a samu ba, kan kifi. Ana tafasawa da ruwa zalla. Ba gishiri, ba magi, musamman ba albasa ba tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna lalata jinin kyanwa. Wannan ya sa ragowar miya ta fita daga lissafi.

Da can abincinta ɗumame ne da guntun fura, sai ƙashi in an yi dace. Kyanwa kuwa ba kare ba ce, jikinta nama yake nema. Akwai wani sinadari, taurin, da ba ta iya haɗa isasshensa da kanta, sai a nama take samu, rashinsa yana taɓa ido da zuciya.

Inna ba ta yarda da shirin ba ko kaɗan. "Kai wannan, kyanwar da ta ƙoshi ba ta kama kusu. Kyanwar Lami za ka mayar da ita." Uwargida kuma lissafi ta buga mini: jika 3 a wata, wato sefa dubu 3, tiya nawa ke nan ta gero? Ban da amsa sai kaye. Na dai ce musu daren Asabar a ƙoshe take, da ta kawo ɓeran ko lasarsa ba ta yi ba. Yunwa daban, son kamu daban.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na ɗinka ƙyallen. Guntayen atamfa na tsinto a buhun shara na butik, ja da rawaya da lemo, mafi ɗaukar ido. Na yi shi kamar gidan mazagi, lastik ɗin ya bi ta ciki, ƙyallen ya tattare ya buɗe zagaye da wuya.

Na farkon bai yi ba. Faɗinsa ya kai santimita 7, kuma atamfar ta sha wanki ta yi laushi. Da ta sunkuya shan ruwa sai ya tsoma a kwano, ya jiƙe, ta bi ƙasa da shi ya zama taɓo. Da ta zo sosa kunne farcen ƙafar baya ya maƙale a bakin ɗinkin, ta yi ta birgima har zaren ya tsinke. Tsinkewar dai ta faranta mini rai, don an yi shi ne ya tsinke.

Na biyun santimita 4 na yi, na sa masa ƙyalle mai ƙarfin nan da muke sa wa wuyan riga, na kalmashe bakin ciki yadda farce ba zai samu wurin kamawa ba. Ya tsaya cak. Ta fito tsakar gida kamar amaryar da aka kai gidan hoto, matan da suka zo ɗaukar turmi sai da suka riƙe ciki. Na yi guda uku don wanki. Kuɗi: ko dala. Na cire ƙararrawar.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ɓeraye suna zuwa yadda suka saba. Tsuntsu babu a kaye tun Litinin. Ƙadangare ɗaya.

Lahadi, 1 ga Disamba

Murna ta koma ciki. Da hantsi yaron Alhaji ya yi sallama: ƴan shila biyu sun ɓace daren jiya, an ga gashi a kan katangarmu. Na duba kaye, ba tsuntsu. Ɗiyata ta rantse ba a kawo komai ba sai ɓera.

Na ari tsani na hau soro. A lungun bayan indararo, inda ba a gani daga ƙasa, na tarar da tari guda: gashin gwara, fiffiken kurciya da ya bushe, wutsiyoyin ƙadangaru, da sabon gashi fari na ɗan shila da jini bai gama bushewa ba. Wasu sun daɗe, tun kafin ƙyalle. Na jiya dai na jiya ne.

Ko ita ce, ko wani jan muzuru mai yagaggen kunne da ke bin katangun unguwar nan tun kaka, ban kama kowa da hannu ba. Ɗan shila a cikin tukunyarsa ba gudu yake ba balle launi ya cece shi, kuma cikin dare ne. Abin da sorona ya nuna mini shi ne kayen nan rabin labari yake ba ni. Da na gaya wa ƙanena ta waya ya ce an taɓa auna wannan ma: a jami'ar Jojiya ta Amurka an rataya wa kyanwoyi ƴan kyamarori a wuya, sakamakon ya fito a 2013. Cikin abin da suka kama, kashi 23 cikin 100 kaɗai suka kai gida. Kashi 28 sun cinye, kashi 49 sun bar shi a inda suka kashe. To ashe wanda ke ƙirga abin da aka ajiye masa a ƙofa, kaɗan yake gani.

Bayan la'asar na shiga wajen Alhaji da jika 2 a hannu. Ya ƙi karɓa, har ransa ya so ɓaci. Na ce, "To Baba, ka bar ni in gyara wurin tantabarun." Wannan ya yarda. Tukwanensa a jikin katanga suke a kafe, jere biyu, na saman bai fi kamu ɗaya daga kan katangar ba. Kyanwa tana kwance a sama za ta zura hannu ta zaro.

Talata, 3 ga Disamba

Aikin gidan Alhaji. Ragar waya mai ƙananan ido, mita 4, jika 5. Ƙusa da waya sefa 500. Katako tsofaffi ne na rumfar butik da na canza. Kafinta jika 2.

Mun yi firam ya rufe jere biyun gaba ɗaya, da ƴar ƙofa da ake buɗewa da safe a rufe da magariba. A saman katanga mun kafa guntun kwano a karkace, mai santsi, yadda ba wurin kwanciya. Tantabarun sun ƙi shiga da farko, suna ta zagaye a sama, sai da duhu ya fara Alhaji ya watsa musu dawa a ciki.

Jimla jika 7 da rabi. Ban gaya wa uwargida duka ba tukuna.

Juma'a, 6 ga Disamba

Da na bi lokutan da ɗiyata ta rubuta tun farko, sai na ga abu a fili: ɓera da dare ne zuwa asuba, tsuntsu kuwa daga ketowar alfijir zuwa fitowar rana, sai ɗan kaɗan gab da magariba. To me zai hana ta kwana inda nake buƙatarta? Daga yau, da an kira magariba ana ba ta namanta a cikin ɗakin ajiya a ja ƙofa, ba a buɗewa sai hantsi.

Inna ta tashi tsaye kan wannan. Ta tuna mini hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Na ce, "Inna, gaskiya ne, amma zo ki gani." Na nuna mata kwanon ruwa, kwanon nama, tsohon buhu a ninke saboda sanyi, da rabin bidon cike da rairayi don bayan gida. Tagar sama a buɗe take da raga. Ta duba ta ce a ƙara tsumma, hunturu ya shigo. An ƙara.

Daren farko ta yi kuka har ta gode wa Allah, tana kartar ƙofa.

Wani abu kuma da bai ci ko sisi ba: wurin surfe. Turmi yana jikin randuna, tsaba tana zuba, kurciyoyi da gwara suna sauka, ita kuma tana laɓe a bayan randa, taku biyu tsakaninsu. Mun mayar da turmi tsakiyar gida inda ba maɓoya, kuma ana share dusa da an gama.

Litinin, 9 ga Disamba

Ta daina kuka. Da magariba ita ke riga mu zuwa ƙofar. Ɓera biyu a ciki da safe, a jere kusa da kwanonta. Ɗakin kwana lafiya.

Asabar, 14 ga Disamba

Saura ƙiris mu rasa ta.

Shekaranjiya da azahar ta shigo da ƙaton ɓera daga waje. Da ɗiyata ta kira ni abin ya ɗaure mini kai, domin ɓera mai lafiya ba ya yawo da rana tsaka. Kafin a ƙwace ta ci kai da ƙirji. Zuwa la'asar ta fara amai, yawu yana dalala, ta shige ƙarƙashin gadon Inna ta ƙi fitowa. Da aka bincika, wani gida a bayanmu ne suka zuba maganin ɓera, irin wanda ake talla a leda ba suna ba takarda. Ba su yi da nufi ba, su ma gero suka shigo da shi.

Mata suka taru, wannan ta ce manja, waccan ta ce madara. Ban bari an ɗura mata komai ba. Na sa ta a kwali, na huda shi, na ɗaure a bayan babur sai wajen likitan dabbobi. Ya ce gara da ban ba ta ba: ɗura wa dabbar da ke amai mai yana iya bi ta huhu, kuma akwai gubar da maiƙo ke ƙara wa ƙarfi. Ya yi mini bayani cewa maganin ɓera iri biyu ne aka fi samu. Akwai mai hana jini daskarewa, wanda ba ya nuna alama sai bayan kwanaki, dabba ta yi fari fat tana zubar jini ta ciki, shi yana da makari, bitamin K1. Akwai kuma baƙin gari mai warin tafarnuwa, mai aiki cikin sa'o'i, shi ba shi da makari, sai dai a tallafi dabbar a yi addu'a. Tun da ba mu da ledar a hannu, ya bi alamun da ya gani: allura, ruwa a ƙarƙashin fata, da gawayin magani. Ya ce in riƙa ɗaga leɓenta ina duba dasashi har mako guda, in ya koma fari in dawo da gudu.

Jika 4 da rabi. Ya haɗa ni da maganin tsutsar ciki na sefa 500 in ba ta in ta warware, ya ce kyanwa mai cin ɓera ba ta rabuwa da farar tsutsa. Ya kuma ce mace mai juna biyu kada ta kwashe rairayin bayan gidanta, saboda wata cuta mai taɓa ɗan tayi. Ƙanwar uwargida tana gidan, cikinta ya tsufa, don haka kwasar ta dawo kaina.

Yau ta sha ruwa, ta ci huhu kaɗan. Na zagaya gidajen da ke kewaye da mu na roƙe su, duk wanda zai sa magani ya aiko a gaya mini in tsare ta kwana biyu, mushen kuma a binne. Wani ya ce in ba shi aronta maimakon maganin. Na ce sai ta haihu.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, ban buɗe butik ba. Kwanakin da Toka take kwance ɓeraye sun yi sallah: buhu ɗaya an huda, kashinsu ko'ina. Wannan ya nuna mini ɗakin kansa ne a buɗe, ita ce kaɗai katangar.

Mun fitar da komai. Ramuka a gindin bango ta arewa, wani ƙarƙashin dokin ƙofa. Na cusa fasassun kwalabe na toshe da siminti, rabin buhu da ya rage tun gyaran masai. Ruwan kwaɓi sai da na saya wajen ƴan garuwa, famfo bai zo ba tun Lahadi. Ƙasan ƙofa na buga masa guntun kwano, domin ƙaramin ɓera in bik zai shiga rami shi ma zai shiga. Buhunan mun ɗora su kan katako bisa bulo, mun janye su daga bango yadda kyanwa za ta iya zagayawa ta baya. Da can a manne suke, ɓera yana ciki tana waje tana jin motsinsa.

Waken na juye shi a buhun PICS mai ninki uku, na ɗaure kowace leda daban. Don ƙwari ake yinsa, iska ta ƙare su mutu, amma in ɓera ya huda shi ya tashi aiki, shi ya sa na ɗora shi can sama.

Ruwa sefa 300, buhu jika 1 da ɗari biyu, bulo na aro.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ta warware sarai, dasashi ja. An ba ta maganin tsutsa cikin kifi, ta tofar, aka sake.

Na hau soro na share lungun indararo tas, don duk abin da na gani nan gaba in san sabo ne. Zan riƙa hawa kowace Lahadi. Tun da aka fara kulle ta, kaye bai ga tsuntsu ba sai gwara ɗaya, ran da aka wanke ƙyalle aka manta ba a sa wani ba. Ƙadangaru sun ragu, ba su ƙare ba. Jaba ma ta huta, tun da ta fi yawo da dare a tsakar gida. Wane ne ya yi aikin, nama ko ƙyalle ko ƙofa? Tare na sa su, ba zan iya rabewa ba, amma in za a tambaye ni ƙofar zan nuna.

Uwargida ta ji kuɗin ragar Alhaji a bakin matarsa. Mun yi maganar.

Litinin, 30 ga Disamba

Inna ce ta fara gani. Ta ɗaga ta ta shafa cikin ta ce, "Wannan ai ba ƙibar nama ba ce." Nonuwan sun yi ja sun fito. Jan muzurun nan ashe ba tantabaru kaɗai ya kawo shi katangarmu ba. Na koma wajen likita saboda gubar da ta ci da cikin, ya tattaɓa ya ce da alama ƴaƴan suna nan, sai dai a sa ido. Allurar haukan kare da muka shirya ya ɗage ta sai bayan ta yaye.

Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne. In lissafin Inna daidai ne, ƙarshen Janairu za ta sauka. Wata guda bayan nan kuma za ta fara jigilar masu rai, kuma mai shayarwa cinta yana ninkawa, naman sefa 100 ba zai riƙe ta ba. Duk abin da na gina a wata biyun nan lokacin ne zai sha gwaji.

Abin da ke gabana: kwalin haihuwa a cikin ɗakin ajiya, a lungun kudu da ba iska, tun yanzu, ta saba da shi kafin ta zaɓi kabad ɗin uwargida. Ƙofar raga ta biyu a ɗakin, don iska ta shiga in zafi ya dawo, tun da ba za a iya rufe ta da ƙofar kwano a watan Afrilu ba. Kafinta ya ce jika 9 har da raga, na taya 7, bai sallama ba tukuna. Naman zai koma sefa 200 daga makon da ta haihu. Ƴaƴan kuwa an riga an kama biyu, gidan da suka sa magani da gwaggona ta Birni. Na ce musu ba za a raba su da uwar ba sai sun cika wata biyu, kuma kowane zai tafi da ƙyallensa. Gobe zan yanka ƙanana.